Wai da gaske taurarin da muke gani duk sun mutu?

Baban Ummi: Assalamu alaikum mutanen gidan nan. Jiya da daddare an ɗauke wuta muna zaune a waje ni da Ummi, babu wata babu gajimare, sama ta yi fes taurari kamar an watsa yashi, sai yarinyar nan ta ɗaga kai ta ce min Baba wai ta gani a waya an ce duk taurarin nan sun riga sun mutu tun tuni, haskensu ne kawai yake iso mana yanzu. Wallahi maganar ta tsaya min a rai har na kwanta ina juya ta. Na ce mata zan tambayo mata. Don Allah masu ilimin abin a warware mana.

Auta: Wa alaikumus salam Baban Ummi. Ai gaskiya ta faɗa, ni ma na sha ganin wannan bayanin. Nisansu ya wuce misali, kafin hasken ya zo nan miliyoyin shekaru sun wuce, toh kaga wanda ya aiko hasken ai ya daɗe da shuɗewa. Maƙabarta ce kawai muke kallo a sama.

Malamin Kimiyya: Auta ƙanina dakata tukuna, rabin maganarka daidai ne, rabin kuma shi ne inda mutane da yawa suke zamewa. Bari mu faro daga tushe. Haske yana gudun kusan kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, babu abin da ya kai shi sauri, amma duk da haka tafiya yake yi, ba wai yana fitowa yana isowa a take ba. Kun san yadda ake ganin walƙiya sannan daga baya a ji tsawa, toh shi ma haske yana da irin wannan jinkirin sai dai sai a nisa mai yawa ake gane shi. Hasken wata yana zuwa mana a daƙiƙa ɗaya da 'yan kai. Rana tana nesa da mu da kusan kilomita miliyan 150, haskenta yana ɗaukar minti 8 da daƙiƙa 20 kafin ya taɓa fatarka, wato ranar da kake gani ta minti takwas da suka wuce ce. Ita ma ranar tauraro ce fa, kusancinta ne kawai ya sa ta bambanta da sauran. Daga ita sai wani da ake kira Proxima Centauri, shi haskensa shekara 4 da 'yan watanni yake yi a hanya. Har nan Ummi tana da gaskiya, duk wanda ya kalli sama abin da ya wuce yake kallo. Amma batun miliyoyin shekaru, a'a. Taurarin da ido yake gani ɗaya ɗaya kusan dukkansu maƙwabtanmu ne, wasu shekara goma, wasu ɗari, wasu 'yan ɗaruruwa, masu nisan cikinsu ne ake maganar dubu ko 'yan dubbai.

Auta: Toh Malam shekara dubu wasa ce? A shekara dubu ai komai zai iya faruwa da shi.

Malamin Kimiyya: A wurinmu ba wasa ba ce, a wurin tauraro kuwa ƙiftawar ido ce. Taurari masu gajeren kwana su ne manya manyan, don su suna cin makamashinsu da gaggawa, amma su ɗin ma sai sun yi miliyoyin shekaru. Irin ranarmu kuwa tana kai shekara biliyan 10, yanzu tana da wajen biliyan 4.6. Yi lissafin da kanka, tauraron da zai rayu shekara miliyan 10, haskensa ya yi shekara 1,000 a hanya, kashi ɗaya cikin dubu goma na rayuwarsa kenan. Idan ka mayar da shi kan mutum mai shekara 70 bai wuce kwana biyu zuwa uku ba. Yanzu in na nuna maka hoton mutum na ce shekaranjiya aka ɗauka, za ka ce lallai ya rasu? Zai iya yiwuwa, rai a hannun Allah yake, amma abin da ya fi rinjaye yana nan da ransa. Haka taurarin nan suke.

Hajiya Babba: Masha Allah, Allah ya ƙara basira Malam. Ni tambayata daban ce. Mu dai mun tashi mun san Zara matar wata, wadda take fitowa da almuru tana haske fiye da kowa, da Gamzaki na asuba, da Kaza da 'ya'yanta. Su a wane layi suke a cikin wannan bayanin naka? Kar a ce min Zara ma nisan shekara dubu take.

Malamin Kimiyya: Hajiya ranki ya daɗe, ai kin taɓo mai daɗin. Zara ba tauraro ba ce in ana maganar kimiyya, duniya ce irin tamu mai zagaya rana, ita ce ake kira Venus, girmanta ya kusa na duniyarmu. Ba ta da hasken kanta, na rana take haskowa kamar yadda wata yake yi, kuma gajimare ne ya lulluɓe ta gaba ɗaya shi ya sa take ƙyalli haka. Haskenta mintuna ne kawai yake yi ya zo mana. Abin da zai ba ki mamaki kuma, Zara da Gamzaki abu ɗaya ne. Wasu watanni tana bin bayan rana sai a gan ta yamma bayan faɗuwar rana, wasu watanni tana riga rana fitowa sai a gan ta gabas da asuba. Shi ya sa ba za ki taɓa ganinta a tsakiyar sama da tsakar dare ba, kullum tana kusa da inda rana take.

Hajiya Babba: Ikon Allah. Shekara nawa ina kallonsu a matsayin biyu. Amma kam da ka faɗa na tuna, lokacin da Zara take fitowa da yamma ban taɓa lura da Gamzaki mai irin wannan hasken da asuba ba.

Direban Dare: Salam. Ni aikina ya sa na fi kowa a nan kallon sama ina jin, in ka yi nisa da gari inda babu fitila ko ɗaya abin da ake gani daban ne wallahi. Ta yaya mutum zai gane wanne ne tauraro wanne ne duniya tunda duk ɗigon haske ne?

Ɗalibar Jami'a: Yaya Direba wannan kam zan iya amsawa, Malam ya gyara min in na kauce. Ka lura da ƙyafƙyaftawa. Tauraro yana ƙyafta ido, duniya kuwa haskenta a tsaye yake ba ya rawa sosai. Kuma ƙyaftawar ma ba daga tauraron take ba, iskar da ke kewaye da duniyarmu ce, wani wuri da ɗumi wani wuri da sanyi tana ta motsi sai ta riƙa karkatar da hasken, kamar in ka kalli kwabo a ƙasan ruwa mai motsi ka ga yana rawa alhali yana nan a zaune. Tauraro saboda tsabar nisa ɗigo ne siriri ƙwarai, motsi kaɗan sai ya girgiza shi, duniyoyi kuma sun fi kusa suna da ɗan faɗi sai abin bai cika tasiri a kansu ba. Wanda yake can sararin samaniya sama da iska ba ya ganin ƙyaftawar nan kwata kwata.

Malamin Kimiyya: Babu abin gyara 'yar'uwa, haka yake.

Almajirin Malam: Assalamu alaikum, na daɗe ina bin zancen nan a ɓoye amma yanzu dole in sa baki. Kaza da 'ya'yanta da Hajiya ta ambata ita ce Surayya a Larabci. Kuma akwai tauraron da aka ambata da sunansa a Alƙur'ani, a Suratun Najmi aya ta 49, Shi'ira, shi ne Turawa suke kira Sirius. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, sunayen da masana suke kiran taurari da su har yau da yawansu Larabci ne aka lanƙwasa. Rigel daga rijl ne wato ƙafa. Deneb daga zanab, wutsiya. Altair daga aɗ-ɗa'ir, mai tashi. Aldebaran daga ad-dabaran, mai bin baya, don kullum yana bin bayan Surayya a sama kamar makiyayi da garkensa. Fomalhaut ma da kake jin kamar Faransanci, famul hut ne, bakin kifi. Akwai wani malami Abdurrahman as-Sufi da ya rubuta littafi a kan taurari wajen shekarar 964, ya zana su ya faɗi matsayin hasken kowanne, babu na'urar hangen nesa a lokacin, ido ne kawai da haƙuri.

Malamin Kimiyya: Allah ya gafarta Malam, ka kawo mu inda nake so. Shi'ira shi ne mafi haske a duk taurarin dare, nisansa shekara 8.6 ne kacal, wato Baban Ummi in Ummi ta kai shekara tara, hasken Shi'ira da za ta gani yau ya baro can ne wajen lokacin da aka haife ta. Ka gaya mata wannan. Kuma ba shi kaɗai ba ne, yana da abokin tafiya ƙarami da ido ba ya gani, sai a 1862 aka fara hango shi da na'ura, girmansa bai wuce na duniyarmu ba amma nauyinsa ya kai na rana. Wannan kam gawar tauraro ce ta gaske, ya gama cin wutarsa ya tsuke yana hucewa a hankali. As-Sufi kuma da ka ambata, a littafin nan nasa ya yi maganar wani ɗan gajimare da yake gani a sama wanda ba ya gushewa. Wannan ɗan gajimaren shi ne galaksin Andromeda, tarin taurari ne biliyoyi, kuma haskensa shekara miliyan 2.5 yake yi kafin ya zo. A wuri mai duhu sosai ido yana iya ganinsa dishi dishi.

Auta: Yauwa. Ashe dai akwai miliyoyin shekarun da na faɗa. Toh a can ɗin fa Malam, su ma duk suna raye?

Malamin Kimiyya: A nan ka samu Auta, ban musa maka ba. A shekara miliyan biyu da rabi tabbas wasu daga manyan taurarin can sun mutu, kuma galaksin da manyan na'urori suke hangowa masu nisan biliyoyin shekaru, taurarinsu da yawa babu su yanzu. Amma ka lura waɗannan ba su ne Ummi ta nuna da yatsa ba. Wanda ya fara yaɗa maganar ya ɗauki gaskiyar abin da na'ura take gani ya ɗora ta a kan abin da ido yake gani.

Auta: Na yarda da rabi. Amma har yanzu ba ka ce min babu ko ɗaya da ya mutu a cikin na idon ba.

Ɗalibar Jami'a: Ai ba wanda zai rantse maka a kan wannan, kuma akwai wanda ake zuba wa ido ma, Betelgeuse. Ja ne, tsoho ne, ya kumbura har in da za a ajiye shi a inda rana take da ya haɗiye duniyarmu har da duniyar Mars da ta fi mu nisa da rana. Nisansa tsakanin shekara 500 zuwa 700. A ƙarshen 2019 zuwa farkon 2020 haskensa ya dusashe sosai har mai kallo da ido yana gane ya canza, aka yi ta cewa shikenan zai fashe, daga baya aka gano ƙura ce ya fesar ta tare haskensa, ya dawo yadda yake. Masana sun ce zai fashe ɗin amma suna maganar cikin shekara 100,000 masu zuwa, kaga yiwuwar a ce ya riga ya fashe labarin yana hanya kaɗan ce ƙwarai, amma ba sifili ba ce. Ranar da hasken fashewar ya iso kuwa har da rana tsaka za a riƙa ganinsa.

Hajiya Babba: Tauraro da rana tsaka 'yar nan? An taɓa yi?

Ɗalibar Jami'a: An yi Hajiya. A 1054 masu duban sama na ƙasar Sin sun rubuta cewa wani baƙon tauraro ya bayyana, ana ganinsa da rana har kwana 23, da dare kuma ya kusa shekara biyu kafin ya ɓace. Fashewar tauraro ce suka gani. Yau in aka saita na'ura a daidai wurin ana ganin ɓaraguzansa suna ta bazuwa, a tsakiya kuma akwai ragowar zuciyarsa, faɗinta bai wuce kilomita 20 ko makamancin haka ba amma ta fi rana nauyi, tana juyawa sau 30 a daƙiƙa ɗaya. Ni wannan ne yake sa tsigar jikina tashi, abu kamar girman gari guda yana wulwulawa haka. Kafin wannan ma a 1006 an ga wani wanda ya fi shi haske, wani likita a Masar Ali ibn Ridwan ya rubuta bayaninsa. Na ƙarshe da aka gani da ido a cikin galaksinmu, wato tarin taurarin da ranarmu take ciki, a 1604 ne.

Direban Dare: Toh ni waɗanda nake gani suna faɗowa fa? Wani lokacin ina tafe sai in ga ɗaya ya tsinke fiuu ya ja layi ya ɓace, wani dare har biyar shida. Na ɗauka su ne masu mutuwar.

Malamin Kimiyya: Ko kusa Direba. Da tauraro zai faɗo mana ai da babu duniyar, tunda ita rana kaɗai za ta ɗauki irin duniyarmu fiye da miliyan ɗaya a cikinta. Abin da kake gani ɗan tsakuwa ne, sau da yawa bai wuce ƙwayar yashi ba, ya shigo iskar duniya da mugun gudu sai ya ƙone a can sama wajen kilomita 80 zuwa 100. Dararen da ka ga sun yi yawa, duniya ce take ratsa inda wani abu ya zubar da ƙura a hanyarsa, yawanci tauraruwa mai wutsiya. Ka sa ido wajen 12 ga Agusta da wajen 14 ga Disamba, duk shekara ana samu, an fi gani bayan tsakar dare. In kuma ka ga ɗigo yana tafiya a hankali a miƙe ba ya ƙyaftawa kuma babu ƙarar inji, wannan tauraron ɗan'adam ne, wani lokacin ma tashar sararin samaniya ce da mutane a cikinta, tana zagaye duniya a kusan minti 90.

Maman Biyu: Ni dai launin ne ya ɗaure min kai, da aka ce wancan ja ne. Ni duk farare nake ganinsu.

Malamin Kimiyya: Ki ƙara dubawa da kyau Maman Biyu, ki bar kallon waya kamar minti 20 ido ya saba da duhu, za ki ga wasu sun yi ja ja wasu fari mai shuɗi. Kuma abin a juye yake da yadda muka saba, jan shi ne mai sanyin cikinsu, shuɗin shi ne mai tsananin zafi. Ki tuna ƙarfe a maƙera, da farko ja yake yi, in wuta ta ƙara ci sai ya koma ruwan ɗorawa har ya yi fari. Fatar Betelgeuse digiri dubu uku da wani abu ce, ta rana wajen 5,500, ta Rigel ta haura 10,000. A cikin cikin rana kuwa digiri miliyan 15 ne, a can ne rana take mayar da iskar haidurojin ta koma wata iskar da ake kira hiliyum, wajen tan miliyan 600 duk daƙiƙa. Wata mata ce ma Cecilia Payne ta nuna a 1925 cewa taurari yawancinsu haidurojin ne da hiliyum, da farko manyan fannin ba su yarda da ita ba sai daga baya aka tabbatar. Ƙarfen da ke cikin jininki ma a cikin taurarin da suka mutu tun kafin a yi rana aka dafa shi.

Auta: Kai. Wato matattun suna jikinmu, na saman kuma suna raye. Toh wannan ta fi wadda na zo da ita.

Baban Ummi: Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Abu ɗaya ya rage, duk sunayen nan da kuke kira ni ban san inda zan kalla ba. In na fita da yarinyar nan yau ta ina zan fara?

Almajirin Malam: Abu mai sauƙi ne ɗan'uwa tunda muna watan Janairu. Bayan isha ka nemi taurari uku a jere reras kamar an ja su da zare, tazararsu daidai, ba za ka rasa su ba. Su ma sunayensu Larabci ne, Alnitak da Alnilam da Mintaka. Gefe ɗaya nasu za ka ga ja, shi ne Betelgeuse, ɗaya gefen fari mai shuɗi, Rigel kenan. Ka bi layin ukun nan ta ɓangaren gabas zai kai ka kan Shi'ira, mafi haske, in yana ƙasa ƙasa za ka ga yana walƙiya da launi kala kala. Ka bi layin ta ɗaya ɓangaren za ka tarar da Aldebaran mai ɗan ja, ka ƙara gaba kaɗan sai ga Kaza da 'ya'yanta a cure wuri ɗaya.

Ɗalibar Jami'a: Ka sa Ummi ta ƙirga 'ya'yan kazar Baba, yawancin mutane shida suke gani, mai kaifin ido bakwai ko fiye, alhali sun haura 1,000 a wurin. Hasken nasu ya yi wajen shekara 440 a hanya.

Baban Ummi: Na dawo da rahoto. Mun fita, ukun nan Ummi ce ma ta riga ni ganinsu, ta bi layin da yatsa har kan Shi'ira tana tsalle, na gaya mata hasken nan sa'anta ne ta yi shiru tana kallonsa ta daɗe. Jan da shuɗin ma mun gane su sarai Maman Biyu, da gaske ne. A kazar ni biyar na iya ƙirgawa, ita ta dage bakwai take gani. Yanzu kuma ta ce in tambayi Malam, da muka fito da farko ukun suna wuri ɗaya, da muka sake leƙowa wajen sha ɗaya sun matsa yamma, su ne suke tafiya ko mu?

Malamin Kimiyya: Ka ce mata mu ne, duniya ce take juyawa da mu daga yamma zuwa gabas. Ta samu wani abu tsayayye kamar kan katanga ko reshen bishiya, ta tsaya a wuri ɗaya ta duba agogo lokacin da Shi'ira ya zo daidai kansa, gobe ta sake dubawa, za ta ga ya riga jiya isowa da kusan minti 4.